Nauyin Shigifar Tanna

A ƙarshen garin Mayahi, ta inda hanyar Tasawa ke fita, akwai wata shigifa da duk matan unguwa suka san sanyinta. Ta Tanna ce, matar Amani. In rana ta take tsaka a bazara, rairayi ya yi zafin da ko kaza ba ta iya takawa, sai ka ga mata na silalowa ɗaya bayan ɗaya, wannan ta zo aron rariya, waccan ta zo neman ƴar kanwa, alhali kowa ya san abin da ya kawo su. Su shiga, su zube a kan daɓe, su sauke numfashi. Barira, maƙwabciyarta mai baki, takan ce wanda ya shiga ɗakin Tanna cikin randa ya shiga.

Sanyin nan yana da asali. Shekarar da za a kawo Tanna amarya daga Attantane, Amani ya rantse ba zai sa ta a bukkar kara irin ta kowa ba. Ya gangara Gulbin Kaba ya sari goriba, ya tsaga azara, ya jera a kan bango, ya shimfiɗa zana, ya zuba ƙasa. Yaro ne a lokacin, zuciya ta fi gwaninta yawa, rufin bai yi kauri ba. Ruwan farko mai ƙarfi da aka sheƙa ya huda shi. Amani ya dawo daga gona a guje ya tarar da amaryarsa tsugune a lungu, jiƙe sharkaf, ta rungume ƙoran jerenta, jar laka na gangarowa a kan sabon zanenta. Ko ido ba ta iya haɗawa da shi a kwanakin nan. Hawaye kawai ke zuba. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa ruwa na dukan bayansa, kamar wanda aka kama da sata.

Akwai mazan da ke iya faɗa wa mace abin da ke ransu. Akwai masu sayo turare da murjani su ajiye a ƙarƙashin matashi. Akwai kuma irin su Amani, waɗanda Allah ya sa musu harshe a tafin hannu. Tun daga wannan damina, duk bazara in maza suka hau rufi gyaran shekara, kowa yakan duba inda ya tsage ya liƙe, ya kankare abin da ya lalace, ya share indararo, ya sauko. Amani kuwa sai ya kwaɓa tulin ƙasa da ciyawa da kashin jaki, ya bar ta ta nuna, ya ɗora sabon yaɓe tun daga wannan kusurwa har waccan, bai taɓa kankare na bara ba. In an yi masa magana ya ce ƙasa ba ta yi wa rufi yawa. Ɗigo ɗaya bai sake sauka a kan Tanna ba, har suka haifi ɗiyarsu Biba, ta girma, aka kai ta aure Tasawa, har furfura ta fara leƙowa ta ƙarƙashin ɗankwali.

Ranar yaɓe salla ce a wurin Tanna, ko da yake ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Takan dama fura da nono mai kauri, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado ita kaɗai. Sai ta ji takunsa a bisa kanta, sannan ta ji tafin hannunsa na bugun ɗanyar ƙasa, tab, tab, tab, yana tafiya a hankali daga gabas zuwa yamma. Wasu matan an yi musu waƙa a dandali da kalangu. Ita wannan ce waƙar da aka yi mata, kuma ta ishe ta.

Sai gyaɗa ta zo ta juya garin. Gonakin hatsi suka matsa mata, kantuna suka kafa ma'auni, buhuna suka taru kamar duwatsu a bakin kasuwa. Hanyar jakai da raƙuma da ke bi ta bayan katangar Amani aka faɗaɗa ta, aka zuba mata tsakuwa, manyan motoci suka fara bi ta nan da kaya har sama. A majalisa maza ba su da zance sai na ma'auni da na mulkin kai da ake cewa yana tafe bana. Tanna ba ta san kan wannan zance ba. Abin da ta sani shi ne duk sa'ad da kamiyo, babbar motar kayan nan, ya wuce, ruwan randa yakan yi rawa, ƙoran jere su taɓa juna su yi ƴar ƙara.

Da fari garin ƙasa ta fara gani a kan gado, mai laushi kamar an tankaɗe. Ta kakkaɓe, ta ce gara ce. Ta duba, ba gara. Daga nan ƙyaure ya fara cijewa, sai an sa kafaɗa yake rufuwa; Amani ya zo da gizago ya sassaƙe kansa, ya ɗora wa itacen laifi. Sannan wata tsaga siririya kamar zare ta taso daga inda azarar tsakiya ta hau bango, ta gangaro. Wata rana da hantsi ciwon kai ya hana ta daka, ta kwanta, ta ɗaga ido ta dubi rufin da sabo ya sa ta daina duba. Azarar tsakiya ta lanƙwaso kamar bayan tsohon jaki. Tana cikin kallo kamiyo ya wuce, itacen ya yi wani ɗan sauti, ƙas, kamar an fasa ɓawon gyaɗa.

Ba sai wani ya gaya wa Tanna ba. Mace ce da ta ɗauki tulu tun tana ƴar ƙarama, ta san yadda wuya ke yi in kaya sun fi ƙarfinsa: yakan jure muddin ana tsaye cik, amma a yi tuntuɓe kaɗan a gani. Ɗakinta ya daɗe yana ɗauke da abin da ya fi ƙarfinsa, yanzu ga motoci sun zo suna sa shi tuntuɓe.

Ta samo asabari mai zane ta ɗaure a ƙarƙashin rufin, ta ce ado ne. Tsagar bango ta cusa mata laka da yatsa, ta rataya faifai a kai. Amani bai lura ba. Shi ƴar bukkar kara gare shi kusa da turken awaki, wadda yoyonta bai taɓa damunsa ba, ɗakin mace kuwa ba wurin zaman namiji ba ne da rana. Daga sama ya san rufinsa, a can kuwa sumul yake, ba tsaga ko ɗaya. Matan unguwa ma ta fara kau da su da dabara, tana shimfiɗa musu tabarma a rumfa tun kafin su kai ƙofa. Barira ta ce Tanna ta tsufa ta fara rowar sanyi.

Ta yi niyyar faɗa masa ba sau ɗaya ba. Sai ta dubi hannuwansa a kan akushi, fatar duk ta faffashe da aikin ƙasa, maganar ta koma ciki. Da wane baki za ta ce wa mutum abin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana yi mata shi ne ke shirin binne ta? Ta gwammace ta ci gaba da kwana a ƙarƙashinsa. Wani lokaci har takan ce a ranta, in ya faɗo ma, ai ƙasar hannunsa ce.

Bayan ƙaramar salla ƙaninta Na Allah ya zo. Shi ne autansu, ya bar noma ya bi mota har ya zama shofer, wato direba, yana jigilar gyaɗa tsakanin Mayahi da Tasawa da Maraɗi. Ya tsai da kamiyonsa a bayan katanga, ya shigo yana warin man gazuwal, ya tsuguna ya gai da yayarsa, sannan ya juya ga Amani da ke gyaran ƙotar hauya, don tsakaninsu wasa ne tun yana yaro.

"Sarkin Magina, an gaishe ka. Bana ma za a ƙara wa ɗakin Yaya rawani, ko ya isa haka?"

"Gara ni," in ji Amani, bai ɗago ba. "Abin da na gina yana tsaye. Kai kullum kana bisa abin da ke tari kamar tsohuwar tunkiya, sai an tura yake tashi."

"Tunkiyar nan ce ke ɗaukar gyaɗarka."

"Ita ce kuma ke firgita mini awaki."

Da aka kawo masa ruwa ya sha, ya isar da saƙon da ya kawo shi. Surukan Biba sun ce a gaishe su, kuma kafin ruwa ya sauka za su kawo ta goyon ciki, ta haihu a gaban uwarta kamar yadda aka saba a haihuwar fari. Tanna ta sunkuyar da kai tana tsince tsakuwa a cikin wake, don ɗiyar fari ce, ba a nuna murnarta a fili, ko sunanta ba ta faɗi. Amma waken ya yi ta zubewa daga hannunta.

Na Allah ba ya zama ba labari. Ya ce cikin azumi, a Maraɗi, ya tsaya a ƙofar wani kanti mai radiyo, ya ji ana faɗin wani gari a ƙasar Maroko, a bakin teku, inda ƙasa ta girgiza. Kafin mutum ya gama miƙa, in ji shi, gari ya zama kufai, mutane ba iyaka suka rasu. Wani tsohon soja da ke gyara musu mota ya ce musu ba girgizar ce ke kisa ba, abin da mutum ya ɗora a bisa kansa ne. Mai kwana a rumfa yakan fito yana kakkaɓe ƙura, mai kwana ƙarƙashin dutse sai an tono shi.

Amani ya yi salati, ya yi musu addu'a. Ya ce ƙasar nan tamu dai a zaune take tun kaka da kakanni, bai taɓa jin ta motsa ba. Ya ƙara da cewa ga alama maginan can ne ba sa cika hannu. Sannan ya dubi shigifar, fuskarsa ta yi wani haske da Tanna ta sani.

"Bana zan ninka," ya ce. "Ta Tasawa za ta kwanta a ciki da jinjiri. Ko sanyin raɓa ban yarda ya ratsa ba."

Da Na Allah ya ta da motarsa zai tafi, Tanna tana tsaye a ƙofar ɗaki. Ta ji ƙasa ta zubo a kan asabari, shuu, kamar ana zuba gero a ƙwarya. Kanta kam ta sallama tuntuni. Amma ban da yarinyar nan, ban da abin da ke cikinta.

Washegari Amani ya ɗora wa jaki mangala ya nufi kududdufi. Tulin ƙasa ya tashi a tsakar gida, ya fi na kowace shekara. Ya zuba ruwa, ya zuba ciyawa, ya shiga yana tattakawa har gwiwa, yana ƴar waƙa a maƙogwaro, abin da ba ya yi sai in ransa fari ne. Ya rufe ta da kara ya bar ta ta nuna. Tanna kuwa duk safiya in ta fito ta ga tulin sai ta ji kamar a ƙirjinta aka jibge shi.

Ta fara kewaye-kewaye. Ta ce ita a ganinta bukka ta fi dacewa da mai jego, hayaƙi ya fi fita. Amani ya ce ɗiyarsa ba za ta haihu a bukka ba yana raye. Ta ce bana ya huta, ga shi bayansa na ciwo, rufin nan ai ko ruwan Ɗufana ba zai huda shi ba. Ya yi dariya ya ce yau kuma ita ke tausayin bayansa. Da ta ga ƙasar ta kusa nuna, ta ɗauki tsani ta miƙa wa Barira ta kan katanga, ta ce ta ɓoye mata shi, kada ta tambayi dalili. Barira ta ce ita dai ta ga masu ɓoye nama da masu ɓoye goro, ba ta taɓa ganin mai ɓoye tsani ba. Amani ya nemi tsani har bayan rumbu, bai gani ba, bai yi faɗa ba. Ya saro itace ya zauna ya ɗaure sabo.

Ranar da zai hau, ya tashi da wuri ya cura ƙasar curi-curi, ya jera a gindin bango. Ya jingina tsani, ya ɗora curi a kafaɗa, ya sa ƙafa a matakin farko. Sai ya ji an riƙe masa gefen taguwa. Tun da aka kawo ta gidan nan Tanna ba ta taɓa riƙe shi a tsakar gida da rana ba.

"Maigida, ajiye. Zo ka gani."

Ya ajiye, ya bi ta yana goge hannu a cinya. Ta sa shi ya zauna a bakin gado, sannan ta ce ya kwanta. Ya dube ta kamar wadda ta zautu.

"Ƴar Attantane, da hantsin nan, ƙasa na bushewa?"

"Kwanta dai. Nan, inda nake sa kaina."

Ya kwanta a takure, ƙafafunsa masu laka a waje. Tanna ta taka kujera ta kwance igiyar asabari. Ƙurar da ta taru ta zubo, hasken ƙofa ya faɗa a kan azara. Ta cire faifan da ke bango. Lakar da ta cusa ta riga ta zube, tsagar ta buɗe har yatsa na shiga. Ta koma ta tsaya a jikin ƙyaure. Ba su daɗe ba suka ji gurnani daga wajen kasuwa. Kamiyo ya taho da kaya, ya bi ta bayan katanga. Ƙoran jere suka kama rawa, azara ta yi ƙas, ƙasa ta zubo a fuskar Amani, a gemunsa, a idonsa. Ko hannu bai sa ya kare ba.

Da ƙarar ta yi nisa ya tashi tsaye a hankali ya ɗaga hannu. Shi ya jera itacen nan da kansa, ya san a da ko ya yi ɗage yatsansa ba ya kaiwa. Yau tafinsa duka ya kwanta a jikin azarar, gwiwar hannunsa ma ba ta gama miƙewa ba.

"Tun yaushe?" ya ce.

"Tun bara."

"Kina kwana a nan."

"Ina zan kwana?"

"Ba ki faɗa ba."

"Kai daga bisa kake ganinsa," ta ce. "Ni daga ƙasa. Na ga abin da ke faranta maka rai, na kasa. In ni kaɗai ce, wallahi da na yi shiru har ya sauko. Amma yarinyar nan tana tafe, kuma ba ita kaɗai ba."

Ya daɗe hannunsa na jikin itacen, kamar mai taɓa goshin marar lafiya. Sannan ya ce, can ƙasa-ƙasa, "Ashe kabari nake gina miki, ina murna." Ya sunkuya ya fita. Ta ji ya ɗauki gatari, ta ji ya kwance jaki.

Wunin nan Tanna ba ta san yadda ta yi shi ba. Furar da ta dama ta yi tsami a ƙwarya. Ƙasar da ya cura ta bushe a gindin bango ta tsattsage. Ta fitar da jerenta zuwa rumfa, ta zauna tana duban ƙofa, tana zargin harshenta. Ta san maza irinsa: ba sa faɗa, ba sa kuka, sai dai wani abu ya mutu a cikinsu, su ci gaba da yawo da shi. Tsoronta kada ta tsirar da ɗakin ta rasa wanda ya gina shi.

Da la'asar sakaliya ya dawo, shi da jaki suna jan wani kakkauran itace mai gwafa. Bai dube ta ba. Ya shiga ya tokare azarar tsakiya da shi, ya buga masa dutse a gindi har ya tsaya daram. Ya fito ya ɗauki diga, ya hau tsani. Can sai ta ji bugu a bisa, ba irin wanda ta saba ji ba. Kowane sara sai ta ji shi a haƙarƙarinta. Aka jima, bugun ya tsaya. Shirun ya yi yawa.

Tanna ta ɗaure zane tamau, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta kama tsani ta hau.

Ta same shi durƙushe a bakin ramin da ya sara daga gefe, kusa da indararo. Zurfinsa ya shige kamu. A jikin ramin kuwa ƙasar ta fito sahu-sahu kamar zannuwan da aka ninke a akwati, kowane da launinsa. Ta durƙusa kusa da shi. Ya sa yatsa a kan wani ja wur a can ƙasa, ya ce wannan shekarar da kududdufi ya ƙafe ne, sai da ya kai jaki har gulbi. Ta ce ta tuna, shekarar yarinyar nan ta fara tafiya, ta faɗa cikin kwaɓin har wuya. Ga wani baƙi mai yawan ciyawa, shekarar da aka yi hatsi har aka rasa rumbu. Ga wani siriri kamar ganye. Wannan shekarar aka kwashe su Amani aikin tilas na hanya, ya dawo da ƙafa a kumbure hadari na haɗuwa, ya hau da rarrafe ya shafa abin da ya samu. Suka yi ta bi, suna gardama a kan wace ta riga wace, shekarar fara ko ta ƙyanda. Rana ta yi ja a kan gulbi. Daga nan sama Tanna ta hango garin da ta tsufa a cikinsa ba ta taɓa ganinsa haka ba: kawunan goriba, tulin buhuna, hanya ta miƙe fara har inda ido ya gaza.

"Duk wannan a kanki," in ji Amani.

"Duk wannan nawa ne," ta ce. "Ba matar da aka taɓa tara wa irinsa a garin nan. Yawa kawai ya yi wa itace. Itace ai ba mutum ba ne."

Ya juyo ya dube ta sosai, irin duban da bai yi mata ba ko ranar buɗar kai. Sai ya miƙa hannu ya cire wani ɗan tsinken ciyawa daga ɗankwalinta.

Kwanakin da suka biyo shi ke sara, ita ke tara ƙasar a masaki tana zubarwa ta bakin rufi. Da suka kai ga zana suka tarar azarar tsakiya ta karye fiye da rabi ta ciki, ɓawo kawai ke riƙe da ita. Da sabuwar ƙasar nan ta hau, da ba ta ga damina ba. Na Allah ya kawo musu azarar giginya daga kudu a bayan motarsa, ya ce yau ne ya fara ganin sarki ya tuɓe rawaninsa da hannunsa. Amani ya ce ya sauke kaya ya rufe baki. Aka mai da rufi marar nauyi, aka shafe shi da makuba don ruwa ya riƙa zamewa. Amani ya yi ta kewaya ɗakin yana girgiza kai, a ganinsa tsirara aka bar shi. Matan unguwa suka shiga suka ce sanyin ya ragu, Tanna ta ce wadda bai yi wa ba ta koma gidanta.

Tsohuwar ƙasar kuwa ta taru a tsakar gida tuli guda. Barira ta leƙo ta ce a ba ta ta gyara katangarta, Amani ya ce a'a. Wata safiya Tanna ta dawo daga rijiya ta same shi a cikin ɗakin, ya jiƙa ƙasar, ja da baƙa duk sun gauraye, yana gina gadon jego a jikin bangon gabas, irin mai rami a ƙarƙashi inda ake sa garwashi don mai haihuwa ta ji ɗumi. Ya yi nisa, har ya fara ɗora wani sahu a kan wanda ya riga ya isa.

Ta sauke tulu ta tsaya a kansa.

"Maigida."

"Na'am."

"Wuta za ta ratsa wannan kuwa? Gashi za a yi mata, ba ɓoye mata wutar za a yi ba."

Ya dubi kaurin gadon, ya dubi curin da ke hannunsa. Ya mai da shi cikin kwaɓi.

"To, zo ki auna da hannunki," ya ce, ya matsa mata.